A Wane Babi Nake?

Zuwa ga 'yata Rihab, daktar gidanmu,

Gaisuwa mai yawa. Ya mamanki, ya ƙafar kakarki? Ni lafiya lau, duk Kuwait ba mai ɗaure ƙarfen gini kamar ubanki, injiniya ma ni yake tambaya.

To, littafinki na tarihin matan ƙauyenmu ya iso. Sha'aban abokin ɗakina ya karanta mana, mu takwas, ina ta hura hanci. Sai ya zo inda kika ce maza sun gudu Kuwait sun bar mata da gona da yara. Ɗaki ya fashe da dariya. Sha'aban ya ce, "Abu Rihab, ashe kai ne zakaran gudu?" Yanzu sunana ke nan har wurin aiki.

Gudu? Ni? Mamanki ta sha wahala, ban musa ba, ki ba ta shafi ɗari. Amma kin bi mata arba'in da rikodarki, namiji ko ɗaya ba ki tambaya ba. Shekara ashirin da tara ina kan ƙarfe mai ƙona hannu, ban ga ranar da kika fara tafiya ba. Wannan a wane babi yake?

Ki aiko min da cukun gida. Allah ya yi miki albarka duk da haka.

In rubutun ya karkace, da hagu nake yi. Yatsu biyu ne kawai na dama suka tafi a wurin aiki, kar ki gaya wa mamanki. Amma in na zo hutu ki kunna rikodar nan. Ina da magana.

Ubanki da bai gudu ba,
Abdul'ati