Na Raba Kawu Gida Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya ƙara maka juriyar zaman nesa da gida. Mu muna nan yadda ka bar mu. Ciwon gwiwar Inna ya ɗan lafa, har ta koma shara da kanta duk da hana ta da muke yi. 'Yan biyun Yaya Babba sun fara tafiya, ɗaya na bin bango, ɗayan kuwa ya fi son a ɗauke shi. Na san an gaya maka a waya cewa Kawu ya faɗo daga tsani a wurin aiki. Abin da ba a gaya maka ba shi ya sa na ɗauki biro, don ba magana ce da bakina zai iya furtawa ba.

Ka tuna Kawu ne ya kai ni kamfanin nan shekara huɗu da suka wuce, ya tsaya gaban Manaja ya ce ga 'yarsa, ta iya kwamfuta. Aikina shi ne raba ma'aikata a cikin manhajar da muke tsara ayyuka da ita. Kowane ma'aikaci da layinsa, kowane mako da akwatinsa. In aikin da aka ɗora wa mutum bai wuce awanninsa ba, akwatin ya yi kore, in ya wuce ya yi ja. A bana muka karɓi aiki uku lokaci guda: haɗa wutar wata makaranta, da sabon ɓangaren wani asibiti, da wani babban sito a bayan gari. Masu haɗa wuta muna da su da dama, amma Kawu kaɗai ke da takardar izinin duba aiki ya sa hannu kafin a rufe bango. Shugaban kowane aiki ya zo teburina ya ce a ba shi rabin Kawu. Rabi uku kuwa, Yaya, ko ɗan aji ɗaya ya san ba ya fita daga mutum ɗaya.

Da na shigar da ayyukan uku, layinsa ya yi ja wur tun daga farkon wata har ƙarshe. Na buga a takarda na kai wa Manaja, na ce ko dai a ɗage aiki ɗaya, ko a nemo wani mai takarda. Na kuma nuna masa cewa manhajar ba ta san hanya ba. Tsakanin sito da asibiti tafiyar awa ɗaya da rabi ce in babu cunkoso, ita kuwa a wurinta mutum yana ajiye sukudireba a nan ya ɗauka a can. Ya saurare ni har na gama, yana juya makullin motarsa a yatsa. Sannan ya ce masu kamfani suna buɗe allon nan kowace Litinin kuma ba sa son ganin ja, wai ai akwai wurin da ake rubuta awannin da mutum ke aiki a rana, in je in gyara. Na ce gyara lamba ba ya ƙara wa rana tsawo. Ya yi dariya ya ce na wata biyu ne kawai, kuma Kawu ai ƙarfe ne.

Na koma na zauna ina kallon allon. An ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na goge takwas na rubuta sha biyu, na buɗe masa Asabar a matsayin ranar aiki. Nan take layin ya koma kore shar. Ko minti ɗaya ban ɓata ba.

Kowace safiya saƙo ke shiga wayarsa da jerin wuraren da zai je, shi kuwa ka san halinsa, in an ce ya je, tafiya yake. Mako shida yana haka. In ya shigo ofis ɗaukar takardu sai ya tsaya bakin teburina yana tsokanata, wai na raba shi kamar gado tun yana da ransa. Ina dariya, yana dariya. Amma na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na kuma gan shi yana shan maganin hawan jini a tsaye da ruwan famfon bayan ofis. Sau biyu na buɗe wurin lambar nan zan mayar da ita takwas, sau biyu na rufe. Jiki magayi. Ranar wata Laraba da hantsi, a sito, jiri ya ɗebe shi yana kan tsani. Ƙashin ƙugunsa ya karye, hannunsa na dama kuma har yau rawa yake, ko kofi ba ya riƙewa. Likita ya ja ni da matarsa gefe ya ce in Allah Ya yarda zai taka, amma shi da tsani da wayar wuta sun yi bankwana.

Ba a yi kwana uku ba Manaja ya ce in cire sunansa daga jerin ma'aikata, in kwashe ayyukansa in zuba wa Dogo, ɗaya daga cikin masu haɗa wutarmu, wanda takardarsa ta fito a watan nan, matarsa kuma na da tsohon ciki. Da hannuna na cire sunan Kawu. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e. Amma Dogo na bar masa takwas ɗinsa, layinsa ya yi ja, na ɗauki jakata na tafi gida ina jin ko ba komai yau na yi abu ɗaya daidai. Da na dawo da safe na tarar da shi kore. Ashe Manaja ma yana da mabuɗin shiga. Abin da ya karya min gwiwa ke nan, Yaya. Da na ƙi tun farko, da haka za a yi, amma wannan bai wanke hannuna ba. Na tambayi wata ƙawata da ke irin aikina a wani kamfani ko suna da gurbi, ta ce in zauna inda nake, su a wurinsu sha huɗu ake rubutawa. Ban ga inda zan nufa ba, kuma kowace safiya Dogo yana wucewa ta gabana da jakar kayan aikinsa yana gaishe ni.

Inna ba ta sani ba. Kullum tana sa min albarka saboda zirga-zirgar asibitin da nake yi wa ƙaninta, ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Mijina ya ce in yi shiru, bakin alƙalami ya bushe. Kai nake tambaya, don ba ka taɓa ɓoye min gaskiya ba: in faɗa mata ko in haɗiye?

Jiya na je duba shi bayan an tashi aiki, da niyyar in gaya masa komai. Na iske an jingina shi da filo biyu, yana fama da matse wata ƙwallon roba da likita ya ba shi. Kafin in buɗe baki ya kama tambayata aikin asibitin, ko an rufe bangon ɗakin yara, ya ce in gaya wa Dogo kada ya yarda da wayar wutar da aka kawo ta biyu, siririya ce. Sai ya rage murya don kada matarsa ta ji, ya ce, "Auta, kada ki bari su cike ko'ina a allon nan naki. Ki ajiye min ko rabin yini ne, wata mai zuwa zan dawo." Na ce to, Kawu. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da matse ƙwallonsa.

Inna da Gwaggo da Yaya Babba da mijina duk suna gaishe ka. Ka gaida min matarka da yara, musamman mai sunan Inna, ka ce mata na ga zanen da ta aiko. In ka samu sarari ka kira Kawu ranar Lahadi da hantsi, lokacin ne ya fi sakewa. Ka ja shi da hira, kada ka nuna ka san komai. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta