Rawanin Baba a bakin randa

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da Anti Hajara da yara. Yaya aiki, yaya zaman Ikko? Mu nan Ruwan Bago kalau, sai Baba da kurkunu ya sake kwantar da shi, ga shi ana tsakiyar noma. Kullum Inna na naɗe tsutsar a tsinke, shi kuwa sai zufa yake yi.

Kafin hutu, malaminmu na ilmin halittu ya ɗiga ruwan tafkin da muke sha a madubin nan mai ƙara girman abu. Wallahi Yaya, na ga wasu ƙwari suna iyo a ciki. Ya ce su ke ɗauke da kurkunu, in an tace ruwa da ƙyalle mai laushi ba sa wucewa.

Na daɗe ina jin nauyin faɗa wa Baba, don shi ke yashe tafkin nan duk rani. Da na faɗa, ya ce, "Ashe da hannuna nake shayar da ku cuta?" Sai ya ce Inna ta miƙo masa rawaninsa, ya yage shi biyu, ya ce a ɗaure bakin randa.

Rawanin da ka aiko masa da Sallah ne. Don Allah kada ka ji haushi.

A sa shi a addu'a. Inna na gaishe ku, a shafa min kan yara.

Ƙaninka,
Haruna