Inna, Na Nemi Mai Koya Mini Ɗaga Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya yalwata makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba, da ma ko kina raye sai an karanta miki. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai, kuma fuskarki nake son gani idan kika ji shi.

Ashe yanzu akwai mutanen da sana'arsu ita ce su sa mutum gumi. Koci ake ce musu. Ni da na fara da dakon buhuna a kasuwar Tsafe har na mallaki manyan motoci da gumina, wai yau ni ake koya wa ɗaukar kaya.

Ga dalili. Tun bayan rasuwarki ƙafafun Baba suka ƙi. Ba ya tashi daga gado sai an ɗaga shi, kuma kin san halinsa, ya rantse bare ba zai ga tsiraicinsa ba. Na kai masa ma'aikacin jinya daga Gusau, ya kore shi da sanda. Ranar da na gwada kai shi bayi da kaina, bayana ya riƙe, muka zube tare. Tumbi ya cinye ɗan dakon nan da kika sani. Tun ranar Baba ya rage ci da sha don kada fita ta kama shi. Yana ramewa ina kallo.

Sai na nufi gidan motsa jiki a Tudun Wada. Kocin farko na zaɓe shi yadda Baba yake zaɓen bijimin huɗa: na duba ƙirji, na duba wuya, saura kaɗan in buɗe bakinsa in ga haƙora. Sati uku ina lanƙwasa ƙarfe gaban madubi, yana cewa, "Alhaji, kafin salla hannun riga zai yi maka kaɗan." Wa ya ce masa ɗinki ne damuwata?

Na biyu tsohon soja ne. Gudu ya sani, sai tsawa. Bayan kwana huɗu na ce masa ko direbobina ba na yi musu haka, na sallame shi.

Na uku, Malam Sani, tsohon malamin wasanni ne daga Bungudu, siriri kamar karan dawa. Da a kasuwa ne ko taya shi ba zan yi ba. Bai nuna mini ƙarfe ba, tambaya ya yi: me nake so jikina ya yi da ya kasa? Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Sai ya tambayi tsayin gadon Baba, da taku nawa ne zuwa bayi, da ko ɗakin yana da dokin ƙofa. Inna, wannan wane irin ilimi ne? A ina ake karanta shi? Ni da na yi shekaru ina dako, ban taɓa tunanin ɗauka ma iri-iri ce ba.

Ya sa aka ɗora rabin buhun masara a kan benci daidai tsayin gadon. Ya ce buhu a kafaɗa ake wurga shi, mutum kuwa rungumarsa ake yi, kuma gwiwa ke ɗagawa, ba baya ba. Wata biyu kullum bayan asuba ina rungumar masara, in yi taku goma sha biyu, in sauke a hankali kamar ƙwai.

Ranar Juma'a na je ƙauyenmu Wanke. Na ɗaga Baba, Inna. Ashe bai fi masarar nauyi ba, abin da ya kawo mini hawaye ke nan. Na kai shi, na yi masa wanka, na zaunar da shi a inuwar tsakar gida. Bai dube ni ba. Bango ya kalla ya ce, "A ce su dama fura. Mai yawa."

Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Baba lafiya, ya riƙe mini gwiwoyina muddin yana buƙatarsu. Amin.

Ɗanki na fari, wanda har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran sunansa ba.