Muryar da Ke Kan Hotunan Shanu

Kurfi, Litinin

Ƙanena Fahad,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya mutanen Dutsin-Ma? Na ba direba wannan takarda ne don yanzu ban yarda da waya ba.

Wani bidiyo na yawo a garin nan. Hotunan shanun Alhaji Ummaru na Barkiya ne, ga murya kamar ta maigidana, Baban Mubina, tana kwatanta inda shanun ke kwana da hanyar da babu tsaro. Shekaranjiya ɓarayi suka kore su. Jiya 'yan sintiri suka zo ƙofar gidanmu, yau ko sallamarsa ba a amsawa a masallaci. Ya rantse bai taɓa faɗin haka ba.

Fahad, hotunan nan na gan su a kwamfutarka da Sallah, kuma kai kaɗai na sani mai haɗa hoto da magana. Na san ba kwa shiri da maigidana. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Saudatu

Dutsin-Ma, Laraba

Yaya Saudatu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da yara. Takardarki ta ƙona mini rai, amma ga gaskiyar.

Ni na rubuta manhajar. Aikin makaranta ne: tana jera hotuna ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora sauti a layi daban, ta fitar da bidiyo. Da Malam Sabitu, mijinki, zai yi wa Alhaji dillancin shanu, na haɗa masa na talla. Abin da ya faɗa a ciki farashi ne da shekarun bijimai. Da yake sauti layinsa daban, kowa zai iya cire shi ya ɗora wani, kamar a canja wa riga wuya.

Na samo bidiyon da ke yawo, na ware sautin, na ƙara masa ƙarfi. Yaya, a bayan maganar akwai ƙarar keken ɗinki. Can kuma wata mata ta ce, "Mubina, sauke tukunyar nan." Muryarki ce. A gidanki aka ɗauki maganar.

Mutum biyu na saka wa manhajar a waya: Malam Sabitu da ƙanensa Yazid. Kin san ko mahaifiyarsu takan kasa bambanta muryoyinsu daga bayan katanga. Ni dai ban ɗora wa kowa laifi ba. Ban kuma nuna wa kowa sautin ba tukuna, amma ba zan iya riƙe shi har abada ba, mutum ya rasa dukiyarsa.

Allah ya bayyana gaskiya.
Ƙanenki, Fahad

Kurfi, Alhamis

Fahad,

Salamu alaikum. Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Na tuna ranar. Kayan makarantar yara nake ɗinkawa, wake ne a tukunyar. Mutum ɗaya ne a zaure, ni da kaina na miƙa masa ruwa.

Ka zo gobe bayan Juma'a da kwamfutarka. Na aika a kira Alhaji Ummaru da mai unguwa. Sunan ba zan rubuta shi a takarda ba, a gabansu zan faɗa. Ka biya ta gidan Innarmu ka ce ta gyara mana ɗaki, wataƙila ni da yara mu kwana can, don in na faɗi sunan ba lallai gidan nan ya zaunu ba.

Ka yi mini addu'a.
Saudatu