Gurasar Baba Tana Bango

Kokand, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Gulchehra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana su. Mu ma muna nan, sai dai Inna ta rame, ba ta cin abin kirki.

Yaya, saura sati uku sadakar cika shekara da rasuwar Baba, ga rigima ta tashi a kan gurasarsa. Kin tuna ranar da zai tafi aikin gini Rasha, Inna ta ciro ta daga tanderu da zafinta, ya gatsa gefe ɗaya, ya ce a ajiye masa sauran, kada wannan acicin Shuhrat, wato ni, ya cinye kafin ya dawo. Muka yi ta dariya, Inna ta rataye ta a bango. Shekararsa arba'in da bakwai a duniya. A akwati aka dawo mana da shi. Gurasar kuwa tana nan, ta bushe ƙamas, har giɓin nan nasa ya fito a wurin da ya gatsa.

Jiya Baffa Tolib ya zo, ya harɗe a mazaunin Baba, ya ce kafin ranar sadaka a sauke ta a marmasa wa tsuntsaye, wai ajiye wa mamaci abinci jahilci ne. Na ce masa littattafan da yake jin labarinsu a shagon shayi ni da idona na karanta su, kuma ba wanda ya ce Baba zai tashi ya ci. Na tambaye shi yaushe ya fara tausayin tsuntsaye, shi da ko filin jirgi bai je tarbar gawar ƙanensa ba. Ya kira ni fitsararre, ya rantse muddin gurasar tana bango, shi da dattawan unguwa ba za su zauna cin shinkafar sadaka ba. Kin san abin da wannan zai yi wa Inna, tukunya cike, tsakar gida ba kowa.

Sai da ya fita Inna ta yi magana. Ta ce shekara ashirin da shida suna tare, Baba bai taɓa roƙonta komai ba, ko ruwa shi yake tashi ya ɗebo, wannan ajiyar ce kaɗai ya ba ta. Sannan ta ce in je in ba Baffa haƙuri.

Zan je gobe. Zan ɗora hannu a ƙirji, ya zage ni son ransa, ba zan tanka ba. Amma gurasar ba mai sauke ta sai Inna, ranar da ta ga dama. In dattawan sun ƙi zuwa, ke ki zo, don Allah. Mu uku ma, ni da ke da Inna, mun isa mu yi wa Baba addu'a.

Ki gaida maigidanki Yaya Davron, ki shafa min kan Nigora da Temur. Inna tana gaishe ku.

Ƙanenki,
Shuhrat