Shukar Agnes

Zuru, 4 ga Oktoba, 1971

Zuwa ga maƙwabcina Fidelis,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Agnes. Wurin wani soja na samu adireshinka. Gidanka na nan tun tafiyarku shekara biyar, sai dai ciyayi masu yaɗo sun danne katangar baya har ta tsage. Na ɗauko adda, matata Maijidda ta ce in dakata, wai akwai abin da Agnes ta kawo daga Jos ta shuka a nan. Tambaye ta wanne ne.

Naka,
Talle

Enugu, 25 ga Oktoba

Malam Talle,

Na gode ƙwarai. Agnes ta rasu lokacin yaƙi, saura ni da 'yarmu Ngozika.

Shukar, wata Baturiyar mishan ta ba ta, sunanta kilematis. Ka duba da kyau. Ganyen biyu-biyu ne, suna kallon juna. Ba ta da zaren kamu irin na kabewa, da sandar ganyenta take naɗe abu ta hau. Furen fari, kunne huɗu. In ya zube, irin yana yin gashi kamar gemun tsoho. Kada ku murza ganyen, yana ƙona fata.

Don Allah kada ka sare ta.

Fidelis

Zuru, 14 ga Nuwamba

Ɗan'uwana Fidelis,

Allah ya ba ku haƙuri. Ranar da na karanta wa Maijidda takardarka ba ta ɗora tukunya ba.

Na bi katangar da takardar a hannu, ina duba ciyayin ɗaya bayan ɗaya. Duk masu zare ne, sai wani kututture busasshe a gindinta. Na zauna ina tunanin yadda zan faɗa maka. Sai Maijidda ta ce, "Malam, sake karanta wajen gemun nan." Na sake. Ta ja ni wurin bishiyar lemunmu.

Ashe shukar ta tsallako gidanmu, ta yi saiwa ta haye lemun. Shekara uku Maijidda na ba ta ruwan wanke-wanke ba ta sani ba. Na ƙirga kunnen furen, huɗu ne. Amma ta fara rufe lemun. Me ka ce?

Talle

Enugu, 2 ga Disamba

Malam Talle,

Ku rage mata reshe, lemu ya sha iska. Haka Agnes take yi.

Bayan Kirsimeti za mu zo. Ngozika tana yi mini tambayoyi a kan uwarta, wasu ban san amsarsu ba. Ka gaya wa Maijidda ta shirya ba ta amsa.

Naka,
Fidelis