Wayfai Ba Randar Zaure Ba Ce

Malama Adila, ki taimake ni da shawara, ko da yake na san ku 'yan boko bakinku ɗaya.

Ni ba na rubutu, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Masunci ne ni a ƙasar Kirikasamma. Duk mai son sanin shekarar da ruwa ya cinye gari, ko inda iyakar fadamar kakansa ta tsaya, gurina yake zuwa. To, ɗana Abdulfattah ya kawo wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, wai wayfai, don in riƙa ganin 'yata Amatullahi da ke aure a Legas. Ya ce sai an sa masa mabuɗi. Mabuɗi! Iska ce fa, ita za a kulle? Randar zauren ubana ba a taɓa tambayar mai sha sunansa ba. Da ya matsa, na ce a sa sunan kakana Zarami, kuma duk wanda ya tambaya na faɗa masa.

Yanzu dakalina cike yake da samari, har na wata unguwa. Na zaci tarihi suka zo ji. Ina ba da labarin ambaliya, kawunansu a sunkuye kamar kaji a kan tsaba, suna yi wa waya dariya. Ran Juma'a Amatullahi ta kira don ta nuna mini jaririn da aka sa wa sunana. Hoton ya daskare, rabin kunne kawai na gani, abin ya mutu. Abdulfattah ya ce in ban kulle ba, zai ɗauke akwatinsa, wai har wayata ana iya leƙawa. Ni kuwa ba zan tsufa a ce na yi rowar iska ba. Ki gaya masa gaskiya.

Tsohon Masunci, Kirikasamma

Baba, gaskiya zan faɗa, sai dai kai za ta fi ciza.

Karamcinka abin yabo ne, kuma ɗanka ya yi kuskure da ya haɗa da barazana. Amma kai da ka tsufa a bakin ruwa ka fi ni sanin cewa ana hana yin su a tafki har kifi ya girma. Wa ya taɓa kiran sarkin ruwa marowaci? Waɗannan samarin ba ƙishirwa ta kawo su ba. Komar kamun kifi suka zuba a tafkinka, suka kwashe har rabon takwaranka.

Sunan Zarami kuma ba mabuɗi ba ne, kai da kanka ka koya wa gari shi. A sauya shi da kalmomi huɗu marasa dangantaka, haɗe da lambobi, kada kowa ya sani sai kai da Abdulfattah. Ya sauya har kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani, ya kunna kariyar da ake kira WPA2 ko WPA3. In akwatin na da layin baƙi, ya buɗe shi da nasa mabuɗin daban, ya rage masa ƙarfi. Ka ga zaure ke nan, ga cikin gida. Mahaifinka ya ajiye randa a zaure, amma bai bar masu wucewa sun shiga ɗakin mahaifiyarka ba.

Dakalin zai rage jama'a, kada ka damu. Wanda ya rage bayan an kulle, shi ne ya zo jin tarihi.

Allah ya ƙara lafiya, ya raya takwara, ya nuna maka ɗaya kunnen ran Juma'a.